Kisan Ƙare Dangi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Yake Somawa da Yadda Ake Tare Shi

Mene ne kisan ƙare dangi, kuma me ya raba shi da kisan kiyashi?

A bakin jama'a da kafafen yaɗa labarai ana yawan musanya waɗannan kalmomi biyu, amma a wajen masana shari'a akwai tazara a tsakaninsu. Kisan kiyashi shi ne hallaka mutane da yawa a lokaci guda, ko mene ne dalilin makasan. Kisan ƙare dangi kuwa laifi ne da aka tsare ma'anarsa a yarjejeniyar da Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ita ranar 9 ga Disamba, 1948, wadda ta fara aiki a watan Janairun 1951. Abin da yarjejeniyar ta ɗora laifin a kansa shi ne niyya, wato a aikata wasu ayyuka da nufin shafe wata al'umma, ko dukkanta ko wani ɓangare nata, saboda ƙasarta ta asali, ko ƙabilarta, ko launin fatarta, ko addininta. Wanda aka kashe a irin wannan laifi bai yi wa makashinsa komai ba, iyayen da suka haife shi su ne laifinsa, shi ya sa jariri da tsohuwa ba su tsira.

Ba a sa ƙungiyoyin siyasa cikin waɗanda yarjejeniyar ta kare ba, domin wasu ƙasashe sun ƙi yarda da hakan lokacin da ake tsara ta. Saboda haka gwamnatin da ta hallaka dubban 'yan adawa ana tuhumarta da laifin cin zarafin bil'adama, wanda shi ma babban laifi ne, kuma hukuncinsa yana iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Ƙasashe fiye da 150 sun shiga yarjejeniyar, Nijeriya ta shiga a 2009.

Wa ya fara ware wannan laifi ya ba shi suna?

Wani lauya ne Bayahude ɗan ƙasar Poland mai suna Raphael Lemkin. Tun yana ɗalibi abin da ya sami Armeniyawa a Daular Usmaniyya daga 1915 ya tsaya masa a rai, yana mamakin yadda doka ke hukunta wanda ya kashe mutum ɗaya amma ba ta da abin cewa ga wanda ya hallaka al'umma sukutum. Ya ƙirƙiro wa laifin suna a 1944, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, lokacin da gwamnatin Nazi ta Jamus ke hallaka Yahudawan Turai, waɗanda adadinsu ya kai kimanin miliyan 6, tare da dubban ɗaruruwan 'yan ƙabilar Roma. Shi kansa Lemkin ya rasa danginsa 49 a wannan kisa. Sauran rayuwarsa ya ƙarar da ita yana bin wakilan ƙasashe ofis-ofis yana roƙon su sa hannu, ya kuma rasu a New York a 1959 ba shi da abin hannu.

Shin sai an yi kisa kai tsaye kafin a ce an aikata shi?

A'a. Yarjejeniyar ta ambaci ayyuka biyar, kisa ɗaya ne daga cikinsu. Sauran su ne yi wa mutanen al'ummar mummunan lahani a jiki ko a ƙwaƙwalwa, da jefa su da gangan cikin halin rayuwar da zai kai su ga hallaka, da hana su haihuwa, da ƙwace 'ya'yansu a mayar da su cikin wata al'umma.

Na uku ɗin nan shi ne wanda mutane suka fi kasa ganewa, domin ba a jin ƙarar bindiga a cikinsa. A ƙasar da yau ake kira Namibiya, a 1904, janar ɗin sojan mulkin mallakar Jamus, Lothar von Trotha, ya kora 'yan ƙabilar Herero cikin hamadar Omaheke, ya sa sojoji suka tsare rijiyoyi, ya kuma ba da umarni a rubuce cewa a harbe duk Herero da aka gani a ƙasar. Ƙishirwa ta kashe dubbai, waɗanda suka rage kuma, tare da 'yan ƙabilar Nama, aka tara su a sansanonin aikin tilas. Sai a watan Mayun 2021 Jamus ta amsa da bakinta cewa abin da ta yi kisan ƙare dangi ne.

Fyaɗe ma ya shiga ciki. A hukuncin da kotun musamman ta Arusha, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa a Tanzaniya domin shari'ar kisan Ruwanda, ta yanke wa Jean-Paul Akayesu, tsohon shugaban ƙaramar hukumar Taba a Ruwanda, ranar 2 ga Satumba, 1998, alƙalai sun tabbatar cewa keta haddin mata da nufin ruguza al'ummarsu kisan ƙare dangi ne. Wannan shi ne karon farko da wata kotun ƙasa da ƙasa ta samu mutum da wannan laifi. Haka nan abin da ƙungiyar IS ta yi wa Yazidawa a Sinjar da ke Iraƙi a watan Agustan 2014 ya haɗa siffofi da yawa a wuri ɗaya: an kashe maza, an sayar da mata a matsayin bayi, an kwashe yara maza an cusa musu aƙidar makasan iyayensu.

Ba tsohuwar gaba ce tsakanin ƙabilu ke jawo shi ba?

Wannan ita ce amsar da ta fi sauƙin faɗi, kuma a ganina ita ce ta fi cutarwa, domin tana sa mai sauraro ya ɗaga kafaɗa ya ce ai can su sani, halinsu ne tun kaka da kakanni. Tarihin Ruwanda bai goyi bayanta ba.

Hutu da Tutsi harshe ɗaya suke yi, wato Kinyarwanda, a tuddai ɗaya suke noma, coci ɗaya suke zuwa, kuma sun daɗe suna auratayya. Bambancin da ke tsakaninsu ya girmi zuwan Turawa, amma Beljiyam ce ta daskarar da shi a farkon shekarun 1930, lokacin da ta rubuta ƙabilar kowane mutum a katin shaidarsa, ta kuma fifita Tutsi marasa rinjaye a makaranta da sarauta da aikin gwamnati. Da guguwar 'yancin kai ta taso sai Beljiyam ta juya ta goyi bayan Hutu. Daga 1959 aka soma kashe Tutsi ana korarsu, dubban ɗaruruwa suka yi gudun hijira zuwa Uganda da Burundi da sauran maƙwabta, kuma kusan babu wanda aka hukunta a kan waɗancan kashe-kashe. 'Ya'yan waɗannan 'yan gudun hijira ne suka dawo da makami a watan Oktoban 1990 a ƙarƙashin ƙungiyar 'yan tawaye ta RPF.

A lokacin farashin kofi, wanda ƙasar ta dogara da shi, ya faɗi warwas, gonaki sun yi wa jama'a kaɗan, matasa ba su da aikin yi, ga kuma matsin lamba a kan Shugaba Juvénal Habyarimana ya raba mulki. Da aka sa hannu a yarjejeniyar sulhu ta Arusha a watan Agustan 1993, 'yan tsirarun da ke kewaye da shugaban suka ga cewa mulki da dukiya za su kuɓuce musu. Mafitar da suka zaɓa ita ce su shawo kan talakan Hutu cewa kowane Tutsi, har maƙwabcin da suke aron gishiri a gidansa, ɗan leƙen asirin abokan gaba ne mai shirin yanka su. Aka horar da matasan Interahamwe, wato mayaƙan sa-kai na Hutu, aka raba adduna da bindigogi, aka rubuta sunaye gida-gida. Da aka harbo jirgin shugaban a kusa da Kigali daren 6 ga Afrilu, 1994, kafin gari ya waye an datse tituna, kuma cikin waɗanda aka fara kashewa har da Firayim Minista Agathe Uwilingiyimana, wadda ita kanta Hutu ce mai sassaucin ra'ayi. A cikin kwana ɗari aka hallaka kimanin mutum 800,000 bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, gwamnatin Ruwanda kuwa ta ce sun haura miliyan ɗaya. A shingayen hanya, katin shaidar nan da Beljiyam ta shigo da shi ake dubawa.

Abin da ya faru a lardin Butare shi ne ya fi fito da gaskiyar maganar. Gwamnan lardin, Jean-Baptiste Habyalimana, wanda shi kaɗai ne Tutsi a cikin gwamnonin ƙasar, ya hana kisa a yankinsa kusan mako biyu, a wurare da dama Hutu da Tutsi suna tsaron unguwanninsu tare. Sai gwamnatin riƙo ta tsige shi, shugaban riƙon ƙwarya Théodore Sindikubwabo ya zo Butare ranar 19 ga Afrilu ya yi jawabin zuga jama'a, aka shigo da sojoji da mayaƙa daga waje, sannan kisa ya kankama. Da gaba ce kawai da ke cikin jini, da ba a buƙaci a tsige gwamna a turo motocin makasa ba. Ruwa ba ya tsami banza, kuma kusan duk inda aka bincika za a tarar da waɗannan abubuwa a haɗe: yaƙi ko fargabarsa, shugabannin da ke tsoron rasa kujera, tarihin zaluncin da ba a hukunta ba, da hukuma mai iya kai umarni har ƙaramin ƙauye.

Wace rawa kalamai da kafafen yaɗa labarai ke takawa?

Babba ƙwarai, kuma al'ummar da rediyo ke rataye a kafaɗarta a gona da kasuwa, kamar tamu, ya kamata ta tsaya a nan ta yi nazari. Gidan rediyon RTLM ya soma watsa shirye-shirye a Ruwanda a 1993, kuma da farko abin da ya jawo masa matasa shi ne kiɗan zamani da barkwanci da hira irin ta majalisar shayi. A cikin wannan raha ake kiran Tutsi kyankyasai da macizai. Kafin shi, jaridar Kangura ta buga a watan Disamban 1990 abin da ta kira dokoki goma na Hutu, inda ta ce duk Hutun da ya auri Tutsi ko ya yi kasuwanci da shi maci amana ne. Da kisa ya soma, masu gabatar da shirye-shirye suka riƙa karanta sunayen mutane da lambobin motocinsu da wuraren da suka ɓuya, suna cewa jama'a su fita aiki, kuma kowa ya san abin da ake nufi da aiki.

Wanda aka shafe shekara uku ana gaya masa cewa maƙwabcinsa ƙwaro ne, ranar da aka miƙa masa adda hannunsa ba zai yi nauyi kamar da ba. Hausawa sun ce baki shi kan yanka wuya, kuma kotun Arusha ta ɗauki maganar a zahirinta: a 2003 ta samu Ferdinand Nahimana da Jean-Bosco Barayagwiza na RTLM da Hassan Ngeze na Kangura da laifi. Yarjejeniyar 1948 da ma ta tanadi cewa zuga jama'a a fili su aikata kisan ƙare dangi laifi ne mai zaman kansa, ko da ba a kai ga zubar da jini ba.

Yau wayar hannu ta karɓi wani ɓangare na aikin. A Myanmar, kafin sojoji su afka wa Musulmin Rohingya a watan Agustan 2017 har fiye da mutum 700,000 suka tsere Bangaladash, an daɗe ana yaɗa ƙarya da kalaman ƙiyayya a kansu a Facebook, kuma kamfanin da kansa ya amsa a 2018 cewa bai yi abin da ya kamata ba wajen hana hakan.

Shin manyan ƙasashe ba su san abin da ake shiryawa a Ruwanda ba ne?

Sun sani. Ranar 11 ga Janairu, 1994, kusan wata uku kafin a fara, kwamandan rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, Janar Roméo Dallaire ɗan Kanada, ya aika saƙo hedikwata a New York. Ya ce wani na cikin Interahamwe ya shaida masa cewa an umarce su su rubuta sunayen dukkan Tutsi da ke Kigali, cewa mutanensa za su iya kashe dubu ɗaya cikin minti ashirin, kuma ana shirin kashe sojojin Beljiyam domin ƙasarsu ta janye. Ya nemi izinin kai samame rumbunan makamai, aka hana shi. Ranar 7 ga Afrilu aka kashe sojojin Beljiyam goma, Beljiyam ta janye kamar yadda aka tsara. A wata makarantar koyon sana'a da ke Kigali, mutum kimanin 2,000 da suka fake a bayan sojojin aka bar su ranar 11 ga Afrilu, aka kashe mafi yawansu a ranar.

Ranar 21 ga Afrilu, ana tsakiyar kisa, Kwamitin Sulhu ya rage rundunar daga kimanin soja 2,500 zuwa 270. Jami'an Amurka sun yi makonni suna kauce wa furta sunan laifin domin kada ya zame musu wajibi su yi wani abu, kuma da aka ba da shawarar a toshe tashar RTLM sai aka kawo maganar kuɗi da ta doka. Nijeriya tana cikin Kwamitin a shekarar, kuma jakadanta Farfesa Ibrahim Gambari yana cikin 'yan ƙalilan da suka dage cewa a ƙara wa rundunar ƙarfi. Sojojin Ghana, ƙarƙashin Janar Henry Anyidoho, sun ci gaba da zama lokacin da wasu ke haɗa kaya, kuma 'yar rundunar da ta rage ta tsare dubban mutane a filin wasa na Amahoro da wasu wurare. Abin da ya tsayar da kisan a ƙarshe shi ne nasarar RPF, wadda ta kama Kigali ranar 4 ga Yuli.

Shekara guda kacal bayan haka, a watan Yulin 1995, aka maimaita irin wannan a Srebrenica ta ƙasar Bosniya, garin da Majalisar ta ayyana a matsayin tudun mun tsira. Sojojin Sabiyawan Bosniya ƙarƙashin Ratko Mladić suka ware maza da samari Musulmi kimanin 8,000 suka kashe, sojojin Holan da aka ɗora wa tsaron garin ba su hana ba.

Wa ke da hurumin cewa an aikata kisan ƙare dangi, kuma me ya sa ake yawan gardama a kai?

Kotuna biyu ne a birnin Hague, kuma ana yawan rikita su. Kotun Duniya tana shari'a tsakanin ƙasa da ƙasa, ita ce a 2007 ta yanke cewa ƙasar Sabiya ta gaza hana kisan Srebrenica. Kotun Hukunta Manyan Laifuka kuwa, wadda ta soma aiki a 2002, mutane ɗaiɗaiku take tuhuma. Kotunan cikin gida ma suna da hurumi, kamar yadda wata kotu a Frankfurt ta ɗaure wani ɗan IS rai da rai a 2021 kan laifin da ya yi wa Yazidawa.

Tushen gardamar shi ne wahalar tabbatar da niyya, domin ba kowane mai kisa ke rubuta umarninsa kamar von Trotha ba. A Darfur, inda mayaƙan Janjawid da sojojin gwamnati suka ƙona ƙauyukan Fur da Masalit da Zaghawa daga 2003, Amurka ta kira abin kisan ƙare dangi a 2004, kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2005 an tafka manyan laifuka amma bai ga manufar ƙare dangi daga gwamnati ba, sannan a 2010 Kotun Manyan Laifuka ta ba da sammacin kama Shugaba Umar al-Bashir bisa wannan tuhuma. A Kambodiya, inda mulkin Khmer Rouge ya ci rayuka kimanin miliyan 1.7 tsakanin 1975 da 1979, hukuncin ƙare dangi da aka yanke a 2018 ya tsaya ne kan abin da aka yi wa Musulmin Cham da 'yan asalin Vietnam, domin mafi yawan sauran waɗanda aka kashe ƙabilarsu ɗaya da makasan. Ƙaramar ƙasa ma tana iya kai ƙara ko da abin bai shafe ta ba: Gambiya ta maka Myanmar a Kotun Duniya a watan Nuwamban 2019 saboda Rohingya, Afirka ta Kudu kuma ta kai Isra'ila a watan Disamban 2023 saboda Gaza, inda kotun ta ba da umarnin gaggawa a watan Janairun 2024, Isra'ila kuwa ta musanta zargin.

Abin da ke damuna a wannan muhawara shi ne yadda take cinye lokaci alhali ana binne mutane. Wajibin hanawa yana hawa kan ƙasa tun lokacin da ta ga haɗarin, kuma haka Kotun Duniya ta fassara yarjejeniyar a hukuncinta na 2007.

Hukunta masu laifi yana hana a sake?

Ba ya wadatarwa shi kaɗai, amma rashinsa yana ba da lasisi. Kotun Arusha ta ɗaure tsohon Firayim Ministan gwamnatin riƙo ta Ruwanda Jean Kambanda rai da rai bayan ya amsa laifinsa, kotunan gargajiya na gacaca kuma sun saurari shari'o'i kusan miliyan biyu a ƙauyukan Ruwanda kafin a rufe su a 2012. A Darfur kuwa, inda manyan masu hannu suka daɗe suna yawonsu, Janjawid ɗin nan suka rikiɗe suka zama rundunar RSF, kuma a 2023 suka sake afka wa Masalit a birnin El Geneina, dubban ɗaruruwan mutane suka tsallaka Adré ta ƙasar Chadi.

Waɗanne alamu ya kamata a lura da su, kuma wa ke da alhakin tarewa?

Alamun sukan bayyana shekaru kafin jini ya zuba. Za a ji ana kiran wata al'umma baƙi a garin da kakanninsu suka haihu, ana hana su takardar zama ɗan ƙasa kamar yadda dokar 1982 ta yi wa Rohingya, ana siffanta su da dabbobi ko cuta, ana ɗora wa dukkansu laifin 'yan kaɗan daga cikinsu. Daga nan sai a ga ƙungiyoyin matasa masu makami da hukuma ke kawar wa kai, da ƙananan kashe-kashen gwaji da ba a kama kowa a kansu, da tsangwamar masu sassaucin ra'ayi a cikin ƙabilar masu shirin kansu, domin su ne ke iya ɓata shirin.

A takarda an yi tanadi. Dokar da ta kafa Tarayyar Afirka ta ba ta ikon shiga ƙasar da ake aikata kisan ƙare dangi, a 2004 Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa mai ba da shawara na musamman kan rigakafinsa, a 2005 kuma shugabannin duniya suka amince cewa idan gwamnati ta kasa kare jama'arta alhakin ya koma kan sauran ƙasashe. Sai dai ƙasashe biyar masu kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu suna iya hawa kujerar naƙi, kuma suna yi idan abin ya taɓa ƙawayensu. Inda aka yi hanzari an ga amfani: bayan zaɓen Kenya na Disamban 2007, da rikicin ƙabilanci ya ci rai fiye da dubu, sulhun da Kofi Annan ya jagoranta ya kai ga raba mulki kafin ƙarshen Fabrairun 2008.

Mutum ɗaya da ba shi da mulki ko makami yana da abin da zai iya yi?

Kisan ƙare dangi yana buƙatar hannaye da yawa: mai nuna gida, mai tsare hanya, mai tuƙa mota, mai tura saƙon ƙarya a waya, da malamin da zai yi shiru a kan mumbari. Duk wanda ya janye hannunsa ya rage wa aikin gudu.

Kyaftin Mbaye Diagne, sojan Senegal a rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya a Kigali, ya riƙa ɗaukar mutane 'yan kaɗan-kaɗan a motarsa yana ratsa shingaye da su, ba shi da makami sai raha da taba sigari da yake miƙa wa mayaƙa, har ranar 31 ga Mayu, 1994, da ɓarɓashin wani makami ya kashe shi. Zula Karuhimbi, wata tsohuwa bazawara a ƙauyen Musamo, ta ɓoye mutane da dama a ɗakunanta da ramin da ke gonarta. Da mayaƙa suka zo sai ta fito tana kaɗa awarwaro, ta ce duk wanda ya taka gidanta iskoki za su bi shi har zuriyarsa, kuma tsoron da suke yi mata ya mayar da su baya.

A nan gida ma an ga irin wannan, ko da yake abin da ya faru hari ne na rikicin yanki. A watan Yunin 2018, da mahara suka afka wa ƙauyukan ƙaramar hukumar Barikin Ladi a jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi na Yelwan Gindin Akwati, dattijo ɗan shekara 83, ya shigar da Kiristoci 262 cikin masallacinsa da gidansa. Ya fito ya tsaya a gaban maharan ya roƙe su, ya ce idan sai sun kashe wani to su fara da shi. Suka juya suka tafi, kuma babu wanda aka taɓa daga cikin mutanen da ya ɓoye.